Abin da Mai Lebur Ya Zuba a Kwaɓin Malama

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka haramta wa Mai Lebur shiga kicin ɗin gidansa, gidan da ya ɗora bulo kan bulo da hannunsa. In shi ka tambaya, laifin bai kai ya kawo ba. Wata rana ya shiga shan ruwa, ya ga kantar da matarsa take jera tukwane ta ɗan karkata. Ya zaro lebur ɗinsa, ma'aunin daidaito na magina, ya aza, ƙwayar ruwan ta gudu gefe guda. Magini na gaske ba ya ganin haka ya iya barci. A ranar ya fasa kantar da guduma, da niyyar gyarawa washegari, sai aka kira shi wani aiki mai nisa. Wata huɗu Malama tana girki a tsugune a tsakar gida. Da ya dawo ya gina sabuwar kanta, ta miƙe sak, Malama ta yaba aikin, sannan ta nuna masa bakin ƙofa ta ce daga yau nan ne iyakarsa.

Malama tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Ritaya ba ta rage mata komai ba sai yawan ɗalibai. Da ɗari shida take da su, yanzu saura guda ɗaya mai furfura. Shi kuma ya ajiye cokalin gini tun da gwiwa ta fara yi masa gardama, amma ƙaramin lebur bai bar aljihunsa ba. Ko gidan mutane ya je gaisuwa, da mai gida ya juya baya sai ya aza shi a kan teburi. Ya samu wata kujera ya kafa a bakin ƙofar kicin, yatsun ƙafarsa daidai kan layin iyakar, daga nan yake ba da shawarwarin da ba wanda ya nema.

Abin da ya hana gidan sakat wata roba ce mai shuɗin murfi.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, tana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Shekara uku da suka wuce likita ya gano cikinta ba ya shiri da alkama ko ƙanƙani. Ita kuma da ta ga an raba ta da fulawa, sai ta ƙara da nata: ta bar nama, ta bar madara, ta bar ƙwai da man shanu. Mai Lebur ya tambaye ta dalili, ta ce ba ta son cin abin da yake da uwa. Ya ce to madalla, ya jawo farantin kazar gabansa.

Malama ba ta ɗauki abin da sauƙi haka ba. A ganinta ciwon alkama iyayi ne na 'ya'yan zamani. Wata rana miya ta yi mata ruwa, ta ɗebo fulawa ta kaɗa a ciki. Auta ta tambaya ko da fulawa, Malama ta ce babu. Kwana uku yarinyar ta yi a kwance tana murƙususu. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba. Sai dai tun daga ranar, duk zuwan da za ta yi gida da robarta take zuwa. Ta zauna a teburin uwarta, ta buɗe, ta ci abincin da ta dafo da kanta, ta wanke robar ta mayar jaka. Malama kuwa ba ta taɓa ba da haƙuri ba. In an tayar da maganar sai ta ce, “Cokali ɗaya ne fa.”

Amma Mai Lebur yana da ido. Duk lokacin da murfin nan ya yi ƙarar buɗewa, yana ganin yadda ludayi yake tsayawa a hannun matarsa. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, shi ma yana yi masa, ko da yake shi hakan na nufin ƙarin nama a farantinsa.

Ana haka Auta ta bugo waya ta ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa nesa, inda sai a yi shekara ba ta leƙo ba. Za ta zo sallama Asabar ɗin ƙarshen wata. Saura mako uku.

Malama ta ajiye wayar. Can ta tashi ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu da mai ya ɓata bangonsa. A ciki ta rubuta yadda take yin biskit mai gishiri da siraran sandunan burodi, waɗanda take zuba wa Auta a jakar makaranta tun tana aji ɗaya. Yarinyar takan cinye su tun a hanya.

“Su zan yi mata,” in ji Malama. “Ba alkama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Sai ta ci abin hannuna kafin ta tafi.”

Mai Lebur ya ƙirga a yatsunsa. “To, Malama, in an cire waɗannan duka me ya rage?”

“Ni na rage.”

Washegari ta wanke kicin kamar za a yi tiyata a ciki. Ta fitar da buhun fulawa daga gidan ɗungurungum, ta sayo sabon kwano da sabon katakon murzawa. Ta haɗa garin shinkafa da na masara, mai, gishiri, riɗi da ruwa. Kwaɓin ya ƙi haɗuwa, tana tattara shi yana watsewa. Ta lallaɓa shi a kan tire da tafin hannu ta tura obin ta gasa. Abin da ya fito ƙamshinsa ba laifi, amma da ka taɓa sai ya koma garin da aka fara da shi. Sandunan kuwa ko nauyin kansu ba su iya ɗauka ba.

Akwai wata doka a gidan, ita ma Malama ce ta kafa ta: ba a zubar da abinci. Mai Lebur ya sha biskit ɗin farko da cokali.

A karo na biyu ta ƙara ruwa ta ƙara wuta. Wannan ya haɗu, haɗuwar da ba ta rabuwa. Ya gwada da haƙoran gaba, ya koma na gefe, ya jiƙa a shayi ya jira, ya fito da shi yadda ya shiga. Teburin falo yana da gajeriyar ƙafa ɗaya da ta daɗe tana damunsa, sai ya cusa guda a ƙarƙashi, ya aza lebur, ƙwayar ruwa ta tsaya a tsakiya cak. Kwana huɗu biskit ɗin yana ɗauke da teburi bai tsage ba. Ranar da Malama ta gano shi wajen shara, ba a yi wa Mai Lebur magana ba har yamma.

Shi dai tun kwaɓin farko ya gane matsalar. Daga kujerarsa ya ce, “Malama, kwaɓin nan yashi ne zalla, ba siminti. Ba abin da yake riƙe da shi.”

“Injiniya, na tambaye ka?”

“Ba ki tambaya ba.”

“To.”

Ranar Talatar mako na biyu, bayan kwaɓi na shida ya watse, ya ga abin da ya tayar masa da hankali. Malama ta buɗe firij ta tsaya. Ba ruwa take nema ba. Ƙwai guda shida take kallo, kuma ta daɗe tana kallonsu. Ya san kallon nan. Shi ne kallon da ɗan kwangila yake yi wa buhun siminti idan mai gini ya yi tafiya. Ta rufe firij ɗin a hankali ta shiga ɗaki, ya ji tana jan tsaki ita kaɗai.

Firij ɗin a falo yake, ba a kicin ba, saboda haka dokar ba ta kai nan ba. Ya kwashe ƙwan duka shida, ya jera su cikin tsohuwar hular kwanonsa ta aiki, ya ɗora a saman kwaba.

Da la'asar ta sake buɗe firij. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta jawo aljihun kayan miya.

“Malam, ka ga ƙwai?”

“Ƙwai? Me za ki yi da ƙwai?”

Ta dube shi. Ya dube ta da fuskar salihai.

“Tambaya kawai na yi,” in ji ta.

“Allah sarki. Ni ma amsa kawai na bayar.”

Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ba ta aika an sayo wasu ba. Shi kuwa da ya kwanta hutawa sai tausayinta ya kama shi. Ya raba ta da abin da za ta jingina da shi, bai ba ta komai a madadinsa ba. Ga kwanaki suna tafiya, ga haƙoransa da suka rage ba su da yawa. Yana cikin wannan tunani ya tuna wani tsohon mai fenti da suka yi aiki tare. Mutumin nan in zai shafa farar ƙasa a bango, sai ya dama sitacin rogo da ruwan sanyi kaɗan, ya sheƙa tafasasshen ruwa a kai, ya yi kauri ya yi yauƙi, ya zuba a cikin bokiti. Bangon da ya shafa, ko ka jingina da baƙar riga ba ka tashi da fari. Abin da ya riƙe farar ƙasa a bango, in ji Mai Lebur a ransa, ba zai kasa riƙe garin shinkafa ba.

Da safe ya ce zai je miƙe ƙafa. Ya biya shagon da ke kan kwana, ya sa mai shago ya karanta masa bayan ledar sitaci har sau biyu don ya tabbata rogo ne zalla, wanda ake ci. Ya dawo da ita a cikin hula.

Saura shiga kicin. Malama tana kwaɓawa take gasawa, ba ta barin kwano ko na minti ɗaya. Ya san in ya ce ta bar kwaɓin ya huta, to har abada ba zai huta ba. Amma shekara arba'in da aure ba wasa ba ne. Ya gyara zama a kujerarsa ya ce, “Yauwa, Malama, haka ake yi. Maza ki gasa shi da zafinsa. Mu a wajen gini ba ma barin kwaɓi ya zauna, da ya zauna ya mutu. Ashe aikin namu duk ɗaya ne.”

Hannunta ya tsaya a cikin kwano.

“Wa ya ce maka ɗaya ne? Wannan ba siminti ba ne.” Ta ɗauko tsumma mai tsabta ta rufe kwanon. “Zan bar shi ya zauna awa biyu, in ga wanda zai mutu.”

Ta shiga ɗaki barcin rana, ta kunna rediyo kamar kullum.

Ya jira har numfashinta ya daidaita da muryar mai labarai. Ya tafasa ruwa a butar shayinsa, ya dama sitaci cokali uku a kofi har ya yi yauƙi yana sheƙi. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwa. Ya ɗiga man keken ɗinki a ƙyauren kicin, don ya san kukansa. Sannan ya cire takalmi, ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake layin da ya yi shekara talatin da ɗaya bai tsallake ba. Gabansa yana faɗuwa, amma gaskiya daɗi ya fi tsoron yawa.

Ya zuba, ya cuɗa, ya juya, ya danna. Garin da yake gudun junansa ya fara haɗa kai, ya zama dunƙule ɗaya mai santsi. Ya mayar da tsumma yadda ya same shi, har da lanƙwasar gefen. Zai fita, zuciya ta ci ƙarfinsa, ya zaro lebur ya aza a kan kanta. Tana nan daidai. Ya fita yana murmushi shi kaɗai.

Malama ta tashi ta buɗe kwano, ta danna kwaɓin da yatsa, ta sake dannawa.

“Injiniya, zo ka ga wanda ya mutu.”

Ya leƙo daga bakin ƙofa ya riƙe baki. “Ikon Allah. Ashe ban san komai ba.”

“Yau ka sani?”

Ranar aka ci biskit da haƙori, ba da cokali ba. Saura matsala ɗaya: tsakiya yana yin kauri, gefe yana ƙonewa. Wannan ma bai gagare shi ba. Ya ba ta labarin yadda suke daɓen siminti, su shimfiɗa katako biyu masu kauri ɗaya a gefe da gefe, su ja wani a kansu, ƙasa ta fito ba tudu ba kwari. Ya rufe da cewa, “Amma wannan sai wanda ya koya. Ba aikin da mutum zai ji a baki ya yi ba ne.” Kafin ya gama shan shayinsa ta zaro rula biyu na katako daga akwatin makarantarta, waɗanda tafin hannun rabin unguwar ya san su, ta wanke su tas. Ta aza ɗaya dama ɗaya hagu, ta murza kwaɓin a tsakani. Ta yanka shi murabba'i, ta tsattsaga da cokali mai yatsu. Sauran ta mulmula shi siri-siri tsawon tafin hannu biyu, ta birgima a cikin riɗi.

Kwana tara ana haka. Kullum ta kwaɓa ta rufe ta kwanta, kullum ya cire takalmi. Biskit ya yi ta kyau har maƙwabciya ta shigo bin ƙamshi. Malama ta yi mata bayani tiryan-tiryan, ta ce sirrin duk a hutun awa biyun nan yake, kuma ita ta gano shi duk da masu cewa kada a yi. Maƙwabciya ta je ta gwada, ta dawo da yashi a kwano. Malama ta ce hannu ne ya bambanta. Mai Lebur ya ce ƙwarai kuwa, hannu ne.

Sau biyu ya yi niyyar faɗa mata gaskiya. Sau biyun ya ga yadda take waƙa ƙasa-ƙasa tana jera sanduna a tire, ya ce a bari sai bayan Asabar.

Asabar ta zo. Auta ta iso da hantsi, ta durƙusa ta gaishe su, ta ajiye jaka a kan kujera. Shuɗin murfin yana leƙowa ta bakin jakar. Malama ta yi kamar ba ta gani ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a teburi, ta kawo shayi ba madara, sannan ta kawo faranti biyu. Biskit ɗin sun yi ruwan zuma, kowanne kaurinsa ɗaya da ɗan'uwansa. Sandunan ta tsayar da su a cikin dogon kofi.

Auta ta daɗe tana kallonsu. “Umma, irin na makaranta.”

“Irin su. Ba alkama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Kwanon ma sabo ne.”

Auta ta zaro sanda ɗaya, ta shinshina, ta karya. Ta karye gida biyu da ƙara mai daɗi, ko ɓurɓushi bai zuba ba. Ta kai rabin kusa da baki, sai ta tsaya tana duban wurin da ya karye, irin duban da take yi wa kwalbar jini.

“Me da me kika sa?”

Malama ta miƙe zaune ta lissafa. Garin shinkafa, garin masara, mai, gishiri, riɗi, ruwa.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Sai hutun awa biyu.”

“Umma,” in ji Auta a hankali, “shekara biyu ina gwada wannan a gidana. Shinkafa da masara ba sa kama juna haka, ko kwana za su yi suna hutawa. Akwai abin da ya riƙe shi.”

“Wallahi ba abin da na sa bayan wanda na faɗa miki.”

“Wancan karon ma haka kika ce.”

Ba da zafi ta faɗa ba, da ma da zafin ne da ya fi sauƙi. Ta ajiye guntayen sandar a gefen faranti, ta jawo jakarta, ta fito da robar ta ɗora a kan farin ƙyallen.

Mai Lebur ya dubi matarsa. Matar da ta yi shekara talatin tana tsayar da yara ɗari shida da ido ɗaya, ga ta zaune ta sunkuyar da kai a gaban 'yarta. Sai a lokacin ya ga aikin da ya yi sosai. Ya ɓoye abu a cikin abincin yarinyar nan, daidai abin da ya raba ta da teburin tun farko. Kuma yau da uwar take faɗin gaskiya iyakar saninta, shi ne ya mayar da ita maƙaryaciya. Kunya ta rufe shi. Ya ga yatsan Auta ya shiga ƙarƙashin murfin.

“Dakata, Auta,” ya ce. “Uwarki ba ta yi ƙarya ba. Ni ne.”

Ya tashi ya shiga ɗakinsa, ya dawo da ledar sitaci da kofi da cokali, ya jera su a teburi kamar kayan da aka kama ɓarawo da su. Ya ba da labarin mai fenti da farar ƙasa, da man keken ɗinki, da cire takalmi. Auta ta ɗauki ledar ta karanta gaba da baya, har da ƙananan rubutun.

“Rogo ne zalla,” ta ce. “Baba, da me ka juya? Kada ka ce min cokalin gini.”

“Na dai yi sha'awa. Amma sabon cokali na saya.”

Malama ba ta yi dariya ba. “Kwana nawa?”

“Tara.”

“A kicin ɗina.”

“Ban taɓa komai ba, Malama. Lebur kawai na aza wa kanta, sau ɗaya.” Ya sosa ƙeya. “Sau uku. Tana nan daidai.”

Auta ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Amma da dariyar ta lafa, robar tana nan a gabanta, hannunta kuma yana kan murfin.

“To ni yanzu da wa zan yarda a gidan nan?” ta ce. “Wannan ta ɓoye fulawa, wannan ya ɓoye rogo. Kowa yana zuba min abin da ya ga dama, don yana sona.”

Mai Lebur ya gama nasa, ba shi da sauran abin fitarwa. Malama ta daɗe tana kallon farantin. Sannan, ba tare da ta juyo ba, ta ce, “Malam, ina ƙwan nan shida?”

Ya so ya ce wane ƙwai, ya ga ba ranar ba ce. Ya je ya sauko da hular kwano daga saman kwaba, ya kawo ta a hannu biyu yana kawar da hanci, don kwana goma sha ɗaya a wurin nan ba su yi wa ƙwan daɗi ba. Auta ta leƙa ta ja da baya.

“Wannan bai faɗa miki ba, don ya rufa min asiri,” in ji Malama. “Ranar Talatar can na buɗe firij da niyyar in sa ƙwai ɗaya a kwaɓin. Na ce a raina ba za ki gane ba. Na dawo ɗauka na tarar ya kwashe. Ba zan ce miki da na same su da na haƙura ba, don ban sani ba.” Ta ja numfashi. “Wancan karon kuma na sa fulawa, kika tambaye ni na ce ban sa ba. Na ga yadda kika kwanta, girman kai ya hana ni magana. Kuma ba cokali ɗaya ba ne, biyu ne. Ki yafe min, Auta.”

Mai Lebur yana tsaye da hular ƙwai a hannu. Shekara arba'in yana tare da matar nan, bai taɓa jin kalmomin nan uku sun fito daga bakinta ba, ko ranar da ta ƙona masa rigar ɗaurin aurensu da dutsen guga.

Auta ta ɗauke hannu daga kan murfin. Ta ɗauki rabin sandar da ta ajiye, ta sa a baki. Ƙarar taunar ta cika falon. Ta cinye, ta ɗauki ɗaya rabin. Ta jawo farantin biskit, ta ci ɗaya, ta ci biyu, ta tsoma na uku a shayi kamar yadda take yi tana aji ɗaya, hawaye yana gangaro mata tana taunawa. Malama ta ce gishiri bai yi yawa ba? Auta ta girgiza kai, bakinta cike.

Mai Lebur ya ajiye hular a waje, ya dawo ya miƙa hannu zai ɗauki sanda ɗaya. Malama ta buge hannun.

“Kai ga naka can.”

Auta ta riga ta gane. Ta buɗe robar, ta juye abin da ta dafo a farantin ubanta: dafaffen kabeji da wake, ba mai ba yaji. Ya dubi farantin, ya dubi matarsa.

“Ba a zubar da abinci a gidan nan,” in ji Malama. “In ka gama, ka wanke hannu har gwiwa. Akwai kwaɓi biyu da za a yi kafin ta tafi, kuma a gabanta za ka dama rogon naka. Lebur ɗin ka bar shi a bakin ƙofa.”

Da yamma Auta ta wanke robar ta goge ta. Wannan karon ba ta mayar da ita jaka ba, ta miƙa wa uwarta. Malama ta jera biskit a ƙasa, ta karya sandunan biyu-biyu don su shiga, ta cika ta har baki, ta ƙara wasu a kai. Murfin ya ƙi rufuwa. Mai Lebur, yana tsaye a tsakiyar kicin da gari har gemu, ya buɗe baki zai ce a rage layi ɗaya. Ya dubi fuskar matarsa ya haɗiye shawarar.

Malama ta sa tafin hannu biyu ta danna, har murfin ya yi ƙararsa.